Wankan Kare da Maganin Ƙuma: Tsakanin Hukuncin Tsarki da Haƙƙin Dabba

Tambayar da aka fi kai wa malamai game da kare a ƙasar Hausa tambaya ce ta tsarki, wato ko taɓa jikinsa yana warware alwala, ko yawunsa yana hana salla da tufar da ya shafa, ko kuwa ruwan da yake fantsalowa daga gashinsa idan yana kakkaɓe jiki najasa ne. Akwai wata tambaya da ta fi wannan nauyi wadda ba kasafai ake yin ta ba, ita ce ko mutumin da ya ajiye kare don gadi ko kiwo ko farauta, yake cin moriyarsa dare da rana, yana da ikon zuba masa ido ƙuma da kaska suna shanye jininsa, yana kafa hujja da cewa shi mai tsantseni ne wanda ba ya kusantar kare. Tambayoyin biyu a ɗaure suke da juna, domin amsar da ake bai wa ta farko ita ce mafakar da ake shiga don kauce wa ta biyu, saboda haka ba a iya magana a kan haƙƙin kare sai an fara warware maganar tsarkinsa, a kuma warware ta bisa mazhabar da mafi yawan Hausawa suka gada, wato mazhabar Imamu Malik ɗan Anas, wanda ya rasu a Madina a shekara ta 179 bayan Hijira.

Malaman usulu, wato masu nazarin tushen hukunce-hukunce, sun daɗe da kafa ƙa'idar cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an fahimci yadda yake, don haka ya dace a fara sanin abin da ƙuma yake yi wa kare kafin a auna ko kawar da shi alheri ne na ganin dama ko nauyi ne da ke wuyan mai kare. Ƙuma ƙwaro ne ƙanƙane marar fiffike, jikinsa a matse yake ta gefe da gefe yadda zai ratsa tsakanin gashi ba tare da ya sarƙe ba, kuma idan ya girma ba shi da wani abinci sai jini. Tamatarsa tana iya zuba ƙwai 40 zuwa 50 a yini guda, ƙwan kuwa ba ya manne wa gashi, gangarowa yake yi ya faɗa duk inda kare ya kwanta, a nan ya ƙyanƙyashe tsutsa mai gudun haske wadda take shigewa cikin ƙura da tsagar daɓe da tsumman shimfiɗa, sannan ta naɗe kanta cikin wani ɗan kwanso har ta fito cikakken ƙuma. Idan akwai ɗumi da laima, tafiyar daga ƙwai zuwa girma ba ta wuce mako biyu ko uku, idan kuwa yanayi bai dace ba, na cikin kwanson yana iya yin watanni yana jiran motsi da ɗumin jikin wata dabba. Wannan ne ya sa likitocin dabbobi suke ƙiyasta cewa abin da ido yake gani a jikin kare bai wuce kashi 5 cikin 100 na ƙuman da ke gidan ba, shi ya sa kuma damina ta fi rani yawan ƙuma, domin tsutsarsa ba ta jure bushewar iska da zafin rana, sai dai ta fake a inuwa mai danshi irin ta gindin randa ko garken dabbobi.

Cutarwarsa ba ta tsaya ga ƙaiƙayi ba. Wasu karnuka jikinsu ba ya ɗaukar yawun ƙuma ko kaɗan, cizo kima ya isa ya sa su sosa da gatsar kansu har gashin gindin wutsiya ya zube, fata ta yi gyambo, ƙuda ya sami wurin sauka. Ɗan kwikwiyo kuwa, saboda ƙarancin jinin da ke jikinsa, ƙuma mai yawa yana iya tsotse shi har ya mutu. Ta hanyar ƙuma ne kuma wata irin tsila take shiga cikin kare idan ya haɗiye shi wajen gatsar jiki, kuma yaro ƙarami mai wasa a ƙasa yana iya kamuwa da ita ta wannan hanya. Kaska ita ma tana sa wa kare zazzaɓi mai lalata jini. Abin da ake magana a kansa ke nan azaba ce mai ɗorewa ga dabbar da ba ta iya faɗin ciwonta, wadda kuma take iya tsallakowa zuwa ga mutanen gida.

A Malikiyya asalin duk wani mai rai tsarki ne, haka kuma yawunsa da guminsa da hawayensa da majinarsa, kuma wannan hukunci ya game har da kare. Ɗalibin da ya karanta Iziyya a zaure ya riga ya wuce ta kan wannan mas'ala tun kafin ya kai Muhtasar na Shaihu Halil, inda aka sake tabbatar da ita. Abin da yake najasa daga kare shi ne fitsarinsa da kashinsa da jininsa mai kwarara da kuma mushensa, najasa kuwa a harshen fiƙihu ita ce abin da shari'a ta hana yin salla da shi a jiki ko a tufa ko a wurin sallar, ba duk abin da rai yake ƙyama ba. Malikawa sun kafa hujja da aya ta 4 ta Suratul Ma'ida, wadda ta halatta cin abin da horarren kare ya kamo, alhali ba ya kamowa sai da bakinsa, kuma ba a yi umarni da wanke wurin da haƙorinsa ya taɓa ba. Sun kuma kafa hujja da ruwayar Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Sahihul Buhari, cewa karnuka suna kai da kawowa a cikin masallaci a zamanin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba a kuwa yayyafa ruwa saboda haka. Abin da ya biyo baya a aikace shi ne cewa Bamalike da ya cuɗa kare da sabulu, ruwa ya fantsalo masa a riga, rigarsa tana nan da tsarkinta matuƙar ruwan bai haɗu da fitsari ko kashi ko jini ba. Alwala kuwa taɓa kare ba ya warware ta a ko ɗaya daga cikin mazhabobi huɗu.

Saura hadisin da ya yi umarni da wanke mazubi sau bakwai idan kare ya sha a cikinsa, kuma Malik bai jahilce shi ba, shi da kansa ya ruwaito shi a Muwaɗɗa daga Abu Huraira, sai dai ruwayarsa ba ta ambaci cuɗawa da ƙasa ba. Malikawa sun ɗauki wannan wankin a matsayin ta'abbudi, wato umarnin da ake bi don bauta zalla ba tare da an rataya shi ga wani dalili da hankali ya gano ba, kuma a mashahurin zance mustahabbi ne, ya kuma keɓanta da mazubin ruwa, ban da na abinci. Hujjarsu ita ce gusar da najasa ba shi da adadi, da zarar ta gushe an gama, fitsarin mutum ma da ya fi yawun kare ƙazanta ba a ƙayyade masa wanki bakwai ba, saboda haka ƙayyade adadi alama ce ta cewa wani abu ake nufi daban. A Mudawwana ta Sahnun an ruwaito cewa Malik yana ganin babban abu ne a zubar da madara, arzikin Allah, don kare ya sa baki a ciki. Imamu Shafi'i da mashahurin zancen Hambalawa sun tafi a kan cewa kare najasa ne mai kauri, duk abin da ya taɓa da danshi sai an wanke shi sau bakwai, ɗaya da ƙasa; Hanafawa sun ɗauki yawunsa najasa ban da gashinsa, kuma Ibnu Taimiyya ya rinjayar da irin wannan rarrabewa. Wannan saɓani ne na manyan malamai, kowane ɓangare da dalilinsa, kuma ra'ayi mai tsanani ya yaɗu a biranen Hausa ta hanyar karatun littattafan hadisi irin su Bulugul Marami da wa'azin rediyo, har wasu suka ɗauka shi kaɗai ne maganar Musulunci a kan kare.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan wata fahimta da ta fito daga Andalus. Alƙali Ibnu Rushdi kaka, wanda ya rasu a shekara ta 520 bayan Hijira, ya tafi a cikin littafinsa Muƙaddimat a kan cewa wankin nan yana da dalilin da hankali yake riska, kuma dalilin ba najasa ba ne, tsoro ne kada ya zama karen da ya sha ruwan yana ɗauke da hauka. Jikansa, marubucin Bidayatul Mujtahid, wanda likita ne kuma faƙihi, ya kawo wannan ra'ayi tare da sukar da aka yi masa cewa mahaukacin kare ba ya kusantar ruwa, sannan ya amsa cewa wannan sai bayan ciwon ya yi ƙarfi, a farkonsa kuwa yana sha. Ilmin yau ya tabbatar da cewa ƙwayar ciwon haukan kare a cikin yawu take, tana shiga ta cizo ko ta fatar da ta yage, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, mafi yawansu a Afirka da Asiya, kusan dukkansu ta hanyar karnuka. Amfanin wannan fahimta ga mas'alar wanka shi ne ta raba abubuwa biyu da mutane suke cakuɗawa, wato najasa da cuta. Abu yana iya zama mai tsarki a fiƙihu kuma ya yi kisa, kamar dafin tsiro, saboda haka wanda ya yi wa kare wanka zai wanke hannunsa da sabulu, ya kiyaye raunin jikinsa daga yawun kare, ya kai karensa allurar rigakafi irin wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom take samarwa, idan kuma aka cije shi ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15 ya garzaya asibiti, duk wannan saboda wajibcin kare rai, ko da malaminsa ya ce masa yawun kare mai tsarki ne.

Ajiye kare kansa ba a bar shi sake ba. Hadisai ingantattu sun nuna cewa ladan mai ajiye kare yana raguwa kullum da ƙiraɗi ɗaya ko biyu, ƙiraɗi kuwa wani ma'auni ne na lada, sai dai idan karen na farauta ne ko na kiwo ko na gona, kuma Risala ta Ibnu Abi Zaid Alƙairawani ta bi wannan iyaka, har ta ƙara da cewa farautar ta zama ta neman abinci ba ta nishaɗi ba. Amma masu sharhin Risala sun ruwaito cewa shi kansa marubucin ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana tsoron cutarwa, da aka tuna masa ƙin da Malik yake yi wa haka sai ya amsa da cewa da Malik ya riski zamaninsu da zaki ma zai ajiye. Ibnu Abdil Barri, wanda ya rasu a shekara ta 463 bayan Hijira, ya faɗaɗa iznin ta hanyar ƙiyasi, wato auna abin da ba a ambata ba a kan wanda aka ambata saboda tarayyarsu a dalili, zuwa ga duk wata buƙata ta jawo amfani ko tunkuɗe cuta. Karen makiyayi a ruga, da na mafarauci, da na manomin da birai suke yi wa ɓarna, da na maigidan da ke bakin gari a zamanin sata da fashi, duk suna ƙarƙashin wannan izni.

Da zarar izni ya tabbata, haƙƙi ya hau, kuma fiƙihun Malikiyya bai yi sassauci a nan ba. Muhtasar ya wajabta wa mai dabba ciyar da ita idan babu makiyaya, idan ya ƙi sai hukuma ta tilasta masa rabuwa da ita. Wata mas'ala a babin taimama ta fi kowace bayyana matsayin karen da aka yi izni da ajiye shi: matafiyin da ruwansa bai wuce na alwala ba, idan ya ji tsoron ƙishirwa za ta halaka wani mai alfarma da ke tare da shi, zai bar alwala ya yi taimama ya shayar da shi, kuma masu sharhi irin su Shaihu Dardir sun ambaci wannan karen a cikin masu alfarmar. Shari'ar da ta yarda a bar tsarkin ruwa, wanda sharaɗi ne na salla, don kada kare ya mutu da ƙishirwa, ba za a jingina mata cewa ta yarda a bar shi ƙuma ya tsotse shi don kada riga ta jiƙe ba. Duk wanda ya karanta wannan mas'ala da idon basira zai ga cewa malaman da suka fi kowa kula da tsarki ba su taɓa ɗaukar tsarki a matsayin uzurin barin mai rai cikin wahala ba.

Gaskiya ne cewa yawancin maganar faƙihai a wannan babi a kan ci da sha take, ba su yi dogon bayani a kan magani ba, amma dalilin wajabta ci da sha shi ne hana azabtarwa, kuma wannan dalili yana nan daram a cikin ciwo. Izzuddin ɗan Abdussalam, malamin Shafi'iyya da ya rasu a Misira a shekara ta 660 bayan Hijira, ya lissafa haƙƙoƙin dabbobi a cikin Ƙawa'idul Ahkam, ya sa a cikinsu ci gaba da ɗawainiyarsu ko da sun tsufa ko sun yi ciwon da ba a ƙara amfana da su. A Muwaɗɗa kuma akwai fatawar Abdullahi ɗan Abbas ga wani mai riƙon maraya da ya tambayi ko zai iya shan nonon raƙuman marayan, inda ya sharɗanta masa neman wanda ya ɓata, da shafa wa masu ƙazuwa magani, da gyara kwamin ruwansu, da shayar da su, kafin ya sha ba tare da cutar da 'ya'yansu ba. A nan an ɗaure cin moriya da jinya a fili. A cikin littafin dai an ruwaito cewa an ga Halifa Umar yana cire wa raƙuminsa kaska alhali yana cikin harami, kuma duk da cewa Malik ya ƙi wannan ga mai harami, ƙin nasa saboda haramin ne, abin da ke nuna cewa a wajen harami aiki ne sananne wanda babba ba ya jin nauyin yinsa da hannunsa. Bafulatanin da yake duba shanunsa da sassafe yana cire musu kaska yana kan wannan tafarki, kuma babu wani dalili na shari'a da ya ware karen da yake tsaron shanun daga irin wannan kulawa. Abin da ya fi kusa da daidai shi ne, idan ƙuma ya kai ga gyambo ko rama ko tsoron mutuwa, kuma mai kare yana da halin magani, to maganin wajibi ne a kansa, abin da bai kai haka ba kuwa yana cikin kyautatawar da ake so.

Ana iya cewa hadisan raguwar lada da na ƙin shigar mala'iku gidan da ke da kare suna nuna shari'a tana son nisa tsakanin mumini da kare, wanka da taje gashi kuwa kusanci ne. Amsa ita ce waɗannan nassosi suna magana a kan ajiyewa da wurin ajiyewa, ba su yi magana a kan jinƙai ba, kuma nassosin jinƙai sun zo a kan kare da sunansa. Mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai lallage an gafarta masa, haka ma wata karuwa ta Banu Isra'ila da ta shayar da kare, alhali karen ba nasu ba ne, ba kuma ya yi musu gadin komai. Matar da ta tsare kyanwa ba ci ba sha har ta mutu kuwa an yi mata azaba. Wanda ya ajiye kare ba bisa izni ba ya yi kuskure guda, idan ya ƙara da barinsa cikin ciwo ya yi na biyu, kuma na farkon ba ya zama kaffarar na biyun. Wanda kuma yake bin ra'ayin Shafi'i, hanyarsa a buɗe take: ya sa safar hannu ta roba, ya ware tufa da bokiti don wannan aiki, ya wanke abin da ya jiƙe yadda mazhabarsa ta tsara, ko ya biya wani ya yi masa.

Akwai wata tambaya a ƙarƙashin wannan duka wadda mai tunani ba zai tsallake ta ba, ita ce da wane haƙƙi ake kashe ɗaruruwan rayuka don a sauƙaƙa wa rai guda, ga shi kuwa aya ta 38 ta Suratul An'am ta bayyana dabbobi da tsuntsaye a matsayin al'ummomi kamar mutane, ƙuma kuma bai yi laifi ba, abin da aka halicce shi a kai yake yi. Malamai ba su raina wannan ƙwaro ba, har Jalaluddin Suyuɗi, wanda ya rasu a shekara ta 911 bayan Hijira, ya keɓe masa ɗan littafi. Abin da shari'a ta yi shi ne ta halatta kashe mai cutarwa saboda cutarwarsa, ba don ƙiyayya ko ramuwa ba, bisa ƙa'idar cewa cuta ana gusar da ita, kuma idan cuta biyu suka haɗu ana ɗaukar mai sauƙi don kauce wa mai tsanani. Wahalar dabba mai jin zafi da tsoro da rashin barci, wadda kuma amana ce a hannun mutum, ta fi nauyi a ma'auni. Sai dai halaccin kisa bai zama halaccin kowace irin hanya ba. Risala ta karhanta kashe kwarkwata da ƙuma da wuta, kuma wannan ya dace da hadisin da ya keɓe azaba da wuta ga Ubangijin wuta, da kuma labarin wani annabi da aka yi wa faɗa saboda ya ƙona gidan tururuwa don guda ɗaya ta cije shi. Al'adar jefa kaska cikin garwashi, wadda ta zama ruwan dare a wajen masu dabbobi, ta cancanci a sake duba ta da wannan ido, tunda kwano da ruwan sabulu yana biyan buƙata. Ta fuskar tsarki kuwa an yi rangwame: jinin ƙuma a tufa abin afuwa ne, ba a neman wanke shi sai ya yi muni, mushensa kuma mai tsarki ne domin ba shi da jini mai gudana na kansa, saɓanin kwarkwata wadda Shaihu Halil ya lissafa mushenta cikin najasa.

Hadisin Shaddad ɗan Aus da ke cikin Sahihu Muslim ya nuna cewa ihsani, wato kyautata aiki, an wajabta shi a kan komai har da yanka, kuma ihsani ba ya samuwa ba tare da sani ba. Da yawa daga cikin azabar da karnuka suke sha ba daga masu ƙinsu take zuwa ba, daga masu son yi musu magani ne da abin da ba magani ba. Kananzir da baƙin mai suna ƙona fata, kare kuma yana lasarsu su shiga cikinsa. Fiya-fiya da sauran magungunan feshin gona guba ne da ke ratsa fata, suna sa dalalar yawu da karkarwa da mutuwa, ga haɗari ga wanda ya shafa da yaran gida. Maganin wankan shanu ma idan ba a auna shi yadda likita ya tsara ba kisa yake yi. Wanka da ruwa mai ɗumi da sabulu marar kaifi yana kashe ƙuman da ke jiki a lokacin, musamman idan an fara da kumfa a wuya don kada su gudu zuwa kunne da ido, aka kuma bar kumfar ta ɗan jima, sannan aka bi da mataji mai ƙananan haƙora, amma ba ya hana waɗanda ke ƙasa hawowa gobe. Maganin da ake ɗigawa tsakanin kafaɗu, irin mai sinadarin fipronil, ta maiƙon fata yake bazuwa, saboda haka ana son a bar kwana biyu tsakaninsa da wanka, kafin da bayan. Ƙwayoyin da ake haɗiya kuwa ta jini suke aiki, wanka ba ya rage musu ƙarfi. Kwikwiyon da bai kai mako takwas ba yawancin waɗannan magunguna ba su dace da shi ba, mataji da ruwan ɗumi ne nasa, kuma maganin kare mai sinadarin fametirin yana kashe kyanwa. Tunda galibin ƙuman yana ƙasa, dole a haɗa da share makwanci da shanya tsumma a rana, a kuma ɗore da magani kimanin wata uku har na cikin kwanso su ƙare. Wurin wankan ya nisanci bakin rijiya da wurin alwala da rafi, domin waɗannan sinadarai suna kashe halittun ruwa, kuma haƙƙin maƙwabci da mai ɗibar ruwa bai faɗi ba don ana sauke haƙƙin kare.

Wannan duka ba kira ba ne zuwa ga shigar da kare ɗakin kwana ko kashe dukiya a kan turare da kwalliyarsa alhali dangi suna kwana da yunwa, domin almubazzaranci haramun ne ko a kan wa aka yi shi, yawan wanka ma busar da fatar kare yake yi.

Mas'alar da ta fi wuya ita ce ta karen da ba shi da mai shi guda, kamar karen unguwa da yake kwana a bakin kasuwa ko gareji, kowa yana jin daɗin haushinsa da dare, mahauta suna jefa masa ƙashi, matasa suna fita farauta da shi da rani, amma idan jikinsa ya lalace kowa sai ya ce ba nasa ba ne, yara su bi shi da jifa. Fiƙihu yana da babin da ya dace da irin wannan, shi ne farilla ta kifaya, wato nauyin da ke kan jama'a gaba ɗaya wanda idan wasu suka ɗauka ya sauka daga kan saura, idan kuwa kowa ya bari kowa ya yi laifi, kuma waɗanda suka fi cin moriyar karen su ne suka fi kusa da wannan nauyi. Littattafan hisba na da, wato na aikin jami'in da ke sa ido a kasuwanni, sun ɗora masa hana ɗora wa dabbobi kayan da ya fi ƙarfinsu da hana azabtar da su, abin da ke nuna cewa an ɗauki walwalar dabba a matsayin sha'anin hukuma, ba na mai ita kaɗai ba. A yau masu unguwanni da ƙungiyoyin mafarauta da 'yan sintiri, waɗanda su ne suka san karnukan kowane lungu da masu kula da su, suna iya tara kuɗin magani tare, su kuma tattaro karnukan zuwa wurin likitan dabbobi a ranar rigakafin hauka, a duba ƙuma da kaska a zama ɗaya. Likitoci suna ƙiyasta cewa yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki rigakafi yana katse yaɗuwar haukan a cikinsa, kuma ba a kaiwa ga wannan adadi idan aka bar karnukan unguwa a waje.